Dutsen da Ke Ƙarƙashin Inji

Garin su Na-Gaɓa a maƙale yake tsakanin rairayi da kogi, kamar tsokar da ta shiga tsakanin haƙora. Ta gabas yashi ne har inda ido ya gaji. Ta yamma kuma ruwa, sai wata siririyar gaɓa koriya da ba ta fi taku ɗari biyu ba, inda kowa ke noman abin kaiwa baki. Da can nan ne mashigin ayarin raƙuma masu gishiri. Da aka yi kwalta ta bi ta wani wuri, gwamnati ta manta da garin, garin ma bai tuna mata ba.

Tsallaken kogi wata ƙasa ce, wai. Can Na-Gaɓa ya auro matarsa, can ƙanenta yake, wanda shekara ashirin ke nan Na-Gaɓa yana kiransa Baƙon Haure in ya zo gaida yayarsa.

Saura mako uku a cire albasa masu awo suka sauka, mutum biyu, kowace ƙasa da nata: dogo na wannan gefen, mai malafa na wancan. Suna neman duwatsun iyaka da Turawa suka kafa tun zamanin kakanni. Sun ga na sha shida, sun ga na sha takwas. Na sha bakwai kuwa ƙarar injin ban ruwa ce ta kai su gare shi, a saman gonar Na-Gaɓa, bakin rijiya, inji na zaune a kansa yana karkarwa.

"Baba, kashe injin nan," in ji dogon. Ya kankare baƙin mai da wuƙa, sai ga lamba ɓaro-ɓaro.

"Yallaɓai, wannan ai mazaunin inji ne. Babu dutsen da ya kai shi lafewa a garin nan."

"Wannan iyakar ƙasa biyu ce."

Suka sa aka sauke injin. Suka kafa na'urarsu mai ƙafa uku, suka ja igiya daga dutsen, suka shafa farin fenti. Kafin azahar gidan Na-Gaɓa da jakinsa suna ƙasarsu ta haihuwa, rijiya da fangali sittin na albasa sun yi hijira ba tare da sun motsa ba.

"To ni yanzu in na zo ban ruwa fa?"

"Sai da takarda," in ji mai malafa.

"Ina ake ba da ita?"

"Babban gari."

Babban gari kwana uku ne, in motar ta ga dama. Albasa kuwa ba ta san takarda ba, kwana uku take ba mutum, na huɗu ta fara sunkuyar da kai.

A gida matarsa ta saurare shi tana tankaɗe.

"Baban yara, ka faɗa musu gaskiya mana. Kowa ya san ba nan dutsen yake ba."

Kowa ya sani ɗin. Shekarar babbar ambaliya, kogi na cin gaɓa kamar akuya ta samu dusa, mahaifin Na-Gaɓa ya ga dutsen zai rufta ruwa. Ya ɗaura masa igiya, jakai biyu suka jawo shi sama. Taimakon gwamnati ya yi. Daga baya ne aka ga dutse ba ya zaman banza.

Washegari Na-Gaɓa ya sa rigarsa mai kyau ya same su a inuwar motarsu. Ya faɗi komai, har da sunan jakan.

Dogon ya daina rubutu. "Ka ce mahaifinka ya ɗauke iyakar ƙasa?"

"Cetonta ya yi."

"Yana ina?"

"Inda ba a kai sammaci."

"To nuna mana ainihin wurin."

Ya kai su bakin ruwa ya miƙa hannu. Wurin yana can tsakiyar kogi, daidai inda wani masunci ke jefa birgi. Masu awon suka dubi juna. Mai malafa ya ce shi ƙasarsa ba za ta mayar da fangali sittin a kan maganar jaki ba. Dogon ya ce shi ba a ba shi na'urar auna ruwa ba. Suka yarda a kan abu ɗaya: za a rubuta wa manya, kwamiti zai zauna, kafin nan kowa ya tsaya bayan igiya.

"Yaushe kwamitin zai zauna?"

"Bayan damina, in Allah ya yarda."

"Wace daminar? Mu nan sai mu shekara biyu ba mu ga hadari ba."

Aka ajiye soja ɗaya a gindin dutsen, bawan Allah mai kunya, yana ta ba Na-Gaɓa haƙuri. Rana ta huɗu Na-Gaɓa ya tsaya bayan igiya, yatsun ƙafarsa na taɓa ta, yana kallon ganyen albasarsa na kwanciya ɗaya bayan ɗaya. Ƙasar fangali ta fara tsagewa. Taku biyar tsakaninsa da rijiyar da ya haƙa da hannunsa. Ya zagi Turawa, ya zagi kogi, ya zo kan mahaifinsa ya yi masa addu'a da ƙyar.

Sai ga kwalekwale ya taso daga tsallake. Ƙanen matarsa ne a ciki, ya sauka cikin gonar kansa tsaye, babu wanda ya ce masa kanzil. Ya zaga fangali hannu a baya, ya tsinki ganye ya sansana.

"Sannu Yaya. Me kake leƙe a ƙasarmu?"

"Kai, ba na son iskanci. Wa ya kira ka?"

"Yayata ta aiko. Na je wurin mai malafa. Ya ce ɗan ƙasa yana iya noma nan, kuma yana iya ɗaukar ɗan ƙwadago daga waje, a buga masa hatimin yini a nan bakin igiya." Ya zaro takarda daga aljihu. "Na rubuta gonar da sunana, kafin kwamiti."

"Gonar ubana?"

"Ko a bar ta ta bushe da sunanka. Duk wanda ka zaɓa."

Na-Gaɓa ya dubi takardar, ya dubi albasa. Fangalin da ke kusa da rijiya har ya soma ja.

"Kawo."

"Tsaya tukuna. Ka taɓa aikin albasa? Ni ba na ɗaukar ɗan koyo."

Sojan ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Na-Gaɓa ya dangwala yatsa, aka buga masa hatimi, ya ɗaga ƙafa ya tsallake igiya. Shi da ƙanen matar suka ciccibi injin zuwa bakin rijiya. Da babu dutse a ƙarƙashinsa, yana tashi ya kama tsalle yana tafiya da kansa, dole Na-Gaɓa ya zauna a kai, haƙoransa na kaɗawa. Ruwa ya gangara, ƙasa na sha tana ƙara.

Ƙanen matar ya shimfiɗa rawaninsa a inuwa ya miƙe ƙafa.

"Baƙon Haure!" ya ƙwala masa kira. "A gama kafin la'asar, hatiminka na yini ɗaya ne."