Tokar Gidan Ayuo

Ranar Lahadi, da an taso daga coci, ƙafata ba ta san wata hanya ba sai ta gidan Ayuo. Ita ke dafa fito, giyar dawa, wanda ya fi na kowa a unguwarmu a Nandom, wanda duk ya ce ba haka ba harshensa ne ya mutu. Ana zama a gindin kaɗanya kan bencuna, kowa da ƙoryarsa, ga ƙosai da yaji, ga naman alade yana ƙauri a kan waya, ga tsofaffi suna ta shara ƙarya.

Ni ne Dakura, mai gyaran keke. Zuriyarmu abokan wasan zuriyar su abokina Gandaa ne tun kaka da kakanni. In zage shi, ya zage ni, ba mai fushi. Amma wasan yana da nauyinsa: in 'yan gidansu suka kaure da faɗa, na ɗebi toka na watsa musu, faɗa ya mutu ke nan, dole kowa ya ajiye abin da ke hannunsa. Sau uku na taɓa yi, sau uku aka ajiye, har na fara jin kaina wani abu.

Wata Lahadi na tarar da Gandaa ya riga ni, ya cika benci shi kaɗai, maiƙo har haɓa.

"Ga ɓarawon tayoyi ya iso," in ji shi. "Ayuo, ɓoye ƙorai!"

"Ci a hankali," na ce, "aladen nan ɗan'uwanka ne, ga kunnen nan iri ɗaya."

Ya yi dariya har ya ƙware, ya kurɓi ƙoryarsa ya miƙo mini.

Muna cikin haka babur ya tsaya. Zaato ne, ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya yi shekara goma sha ɗaya a ramukan zinariya a kudu. Tun da ya dawo yake son a ba masu haƙar zinariya gonar ubansu ta bakin kogi, Gandaa kuwa ya ce sai dai a haƙa da gawarsa. Wata biyu ba sa gaisawa. Ya sauko da baƙin tabarau, adda ɗaure a bayan babur.

Ya sayi tulu guda, ya cika ƙorya, ya miƙa wa yayansa. Bai kurɓa ba.

Nan take hira ta ɗauke. Ko yaron goye ya san ba a miƙa wa mutum fito sai mai miƙawa ya fara kai bakinsa.

"Ɗanɗana tukuna," in ji Gandaa.

"Haba Yaya, guba ka ɗauka na sa?"

"Ban ɗauka komai ba. Ubanmu bai taɓa miƙa ƙorya bai kurɓa ba."

"Ubanmu da wando ɗaya ya mutu, da shi da kurɓe-kurɓensa."

Gandaa ya karɓi ƙoryar, ya tuttular da ita a kan takalman Zaato.

Zaato ya ɗauki tulun ya rotsa masa a ka. Fito da jini suka gangaro tare. Gandaa ya miƙe, ya cafki wuyansa, ya maka shi da kaɗanyar, tabarau ya tarwatse. Suka zube kan wayar gashi, garwashi ya watse, nama ya faɗa cikin ƙasa, karnuka suka yi wawaso. Zaato ya gartsa masa cizo a kunne har ya cire tsoka, ya tofar. Mata suna kururuwa, tsofaffin da suke cika baki ɗazu sun haye katanga.

"Ku fita min daga gida!" Ayuo take ihu. "Ku je ku kashe juna a gonarku!"

Zaato ya zame ya kai ga babur, ya zare adda. Gandaa ya wawuri taɓaryar Ayuo. Sara na farko ya sauka a taɓarya. Na biyu ya yanki damtsen Gandaa. Sai Gandaa ya kai masa taɓarya a kafaɗa, na ji ƙashi ya ce ƙas. Zaato ya durƙushe, addar ta faɗi gefen gwiwarsa. Gandaa ya ɗaga taɓaryar da hannu biyu, saitin tsakiyar kansa.

Tsoro ya kama ni, kuma ba don Zaato ba, Allah ya sani ban taɓa ƙaunar yaron nan ba. Abokina nake ji. In taɓaryar nan ta sauka, Gandaa ya zama wanda ya kashe ƙaninsa, ba shi ba gona, ba shi ba gidan Ayuo har abada. Na ruga murhu, na cika hannu biyu da toka daga gefen da ya huce, na watsa musu.

"Toka!" na ce. "Toka ta sauka, ku 'ya'yan alade!"

Ta yi musu fari fat su biyun. Gandaa ya tsaya yana haki. Ya dube ni. Sannu a hankali ya sauke taɓaryar, ya jingine ta da bango, ya buɗe tafukansa. Har na ji wata tsohuwa ta fara guɗa.

Ban ture addar ba. Bai ma zo mini a rai ba, don a saninmu ba a ɗaukar makami bayan toka. Na ƙirga Zaato cikin masu jin toka saboda a gidan aka haife shi, na manta da shekara goma sha ɗayan nan.

Da hannun hagu ya ɗauka. Daga durƙushe ya taso da ita, ta shiga tsakanin wuya da kafaɗar Gandaa. Jini ya yi tsartuwa har cikin tukunyar Ayuo. Gandaa ya zauna daɓas a ƙasa kamar wanda noma ya gajiyar. Zaato ya bar babur ɗin, ya yanki daji da gudu, hannunsa na dama yana reto.

Na durƙusa na danne wurin da hannuwana, toka da jini suka kwaɓe tsakanin yatsuna. Ina ta kiran a kawo mota, ina zaginsa, ina ce masa ya tashi, raggon banza, bai gama namansa ba. Na yi ta jira ya rama zagin.

Ya buɗe ido, fuskarsa fari fat da tokata.

"Dakura," ya ce, "ai ka gani. Na ajiye."