Sunan Ƴar Fari

"Mansura."

Saura kaɗan kofin shayi ya suɓuce mata. Shekararta talatin da ɗaya a duniya, ba ta taɓa jin sunanta a bakin mahaifinta ba. Ita ce ƴar fari, don haka "ke" Malam Abdulmumin yake ce mata, in kuwa a bayan idonta ne, "waccan ta Yamai", don a birnin Yamai take aiki.

Gwaggo Furera, ƙanwarsa, ta tafa hannu tana dariya. "Yau ga abin kallo a Tamaske! Tsufa ya cinye kunyar Malam."

Mansura ba ta yi dariya ba. Gefen bakinsa na hagu ya karkace, carbi ya zame daga yatsunsa bai sani ba. Shekara huɗu ke nan tana binciken jinin masu ciwon suga da ɓarin jikinsu ya shanye, tana bin sawun mikro-ARN, ƴan mitsi-mitsin saƙonnin da ke tsara yadda ƙwaƙwalwa take gyara kanta, waɗanda suga kan rikita. A cikin kwalbar ɗakin gwaji ta san abin. Yau ga shi a tabarmar gidansu.

"Halidu!" ta ƙwala wa ƙanenta kira. "Tada mota, asibitin Tawa za mu!"

Kafin ta juyo, Gwaggo ta iso da zuma a cokali. "Jiri ne kawai, tun safe bai ci komi ba."

Mansura ta cafke hannunta. "Gwaggo, ko ɗigo kar ya shiga bakinsa. Ba ya iya haɗiya, shaƙewa zai yi."

"Kayya! Ke za ki koya mani jinyar ɗan'uwana? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi..."

"Gwaggo, don Allah, kin taɓa jin ya kira sunana?"

Tsohuwa ta dubi yayanta da kyau, sannan ta ajiye cokalin, ta kama ƙafafunsa suka ɗaga.

Duk tsawon hanya, mota na tsalle a kan duwatsu, kansa na bisa cinyarta yana ta maimaita sunan kamar mai lazimi. Kowane kira tsoro yake ƙara mata. Kuma, Allah Ya yafe mata, daɗi take ji, irin wanda ba ta taɓa ji ba.

Kwana tara suka yi a asibiti. Ran na goma da hantsi ya tashi zaune, bakinsa ya ɗan daidaita. Ya dube ta, ya kau da kai da sauri, ya fuskanci Halidu.

"Ka ce ma waccan ta Yamai ta koma bakin aikinta."

Gwaggo ta rangaɗa guɗa. "Alhamdu lillahi, Malam ya dawo!"

"Alhamdu lillahi," in ji Mansura, kuma har zuciyarta ta faɗe shi. Sannan ta fita ta zauna a gindin itacen bedi, ta rufe fuska da mayafi ta yi kukanta.