Lallen Laraba

"Ƙara gogawa, Inna! Don Allah ƙara!"

Hajiya Asta tana tsugune a bakin rariya, hannunta na dama cikin kwanon ruwan kanwa, 'yarta Naja'atu kuwa tana yanka lemon tsami na shida. Bakwai na safe ba ta cika ba. Naja'atu ta taso ne daga Safana, inda take koyarwa a firamare, don ta raka mahaifiyarta daga Batsari zuwa Katsina yin sabon fasfo. Tana shigowa ta ga hannuwan, sai da jakarta ta suɓuce.

Lalle ne, ja wur, ya kama har ya yi duhu a kan yatsu goma.

"Yau fa za a ɗauki zanen yatsunki. Ba ki ji abin da ake ta faɗa lokacin zaɓe ba? Na'ura ba ta karanta hannu mai lalle!"

"To ni na sani? Hoto aka ce mini. Wace mace ce ke zuwa hoto da hannu fari fat kamar mai takaba?"

"Fuska ake ɗauka, Inna, ba hannu ba."

"Ga shi kuma yanzu kin ce hannun suke so. Ku tsaya a magana ɗaya mana."

Duk wannan hidima a kan Abdulhakim ne, ɗanta na fari, wanda ba ta taɓa kiran sunansa ba saboda kunya, sai dai ta ce "mutumin ruwa". Kuku ne a wani ƙaton jirgin ruwa na yawon shaƙatawa, mai tashi daga Afirka ta Kudu ya bi tashoshin ƙasashe uku ya dawo. Shekara biyar ke nan rabonta da shi. Bana kamfanin ya ba shi damar ɗauko mutum ɗaya daga gida ya yi kwana goma a jirgin, shi kuwa bai yi shawara da kowa ba ya rubuta sunanta.

Da farko ta ɗauka katin zaɓenta ya isa. Da aka ce a'a, ta ciro fasfonta na aikin Hajji daga cikin adaka, yana ƙamshin turare. Abdulhakim ya turo saƙon murya yana dariya, ya ce saura wata huɗu wannan ya mutu, su kuwa sai wanda zai ƙara wata shida bayan an gama tafiya, da shafukan da ba a buga wa komai ba, da biza, da katin rigakafin shawara.

"A faɗa masa ni ba sauka zan yi ba," in ji ta. "Cikin jirgin zan zauna, in ga yadda yake ɓata wa mutane shinkafa."

Amsa ta dawo cewa ko ba ta leƙa waje ba, da jirgi ya tsaya a tashar wata ƙasa, to ta shiga ƙasar. Ba cikakken fasfo, ba hawa. Kuma dole lambar sabon ta isa kamfanin kafin ƙarshen watan gobe. In ranar ganawa ta yau ta wuce, sai bayan mako biyar za a sake samun gurbi a ofishin fasfo, kafin fasfon ya fito kuwa kamfanin ya rufe. Daga nan jirgin zai koma wani teku mai nisa, sai kuma bayan shekara biyu.

Shi ya sa Naja'atu ta ɗauko dutsen goge kaushi. Aka dirje, aka sa omo, aka sa toka, aka koma dutse. Jan ya dusashe ya zama ruwan goro, kan yatsun ya yi sumul yana zafi.

"Madalla," in ji Naja'atu. "Kawo na hagu."

"Gafaranku dai, masu gida!"

Asta ta yi wuf ta cusa hannun dama cikin mayafi, ta tura kwanon bayan turmi da ƙafa. Laraba ce, maƙwabciyarta ta shekara talatin, mai sayar da daddawa. Ita ke kawo mata shinkafar Kirsimeti, ita kuma Asta ta kai mata naman layya. A da babu amaryar da za a kai a unguwar ba da ƙunshin Laraba ba, amma shekara uku ke nan idonta ya yi hazo, hannunta na rawa, ta daina. Jiya da la'asar ta shigo da lallen da ta tsinko a bayan ɗakinta ta daka da kanta, ta ce ƙawarta ba za ta je gaban hukuma kamar marainiya ba.

"Ina kwana, Iya Laraba," in ji Naja'atu, tana durƙusawa.

"Lafiya lau, malamar makaranta. Ya mai gidan naki? Ya yaran? Ga waina ku ci a mota. Ke kuma matar jirgi, miƙo in gani."

Asta ta miƙa na hagu. Laraba ta kama shi ta kai dab da idonta, tana juya shi a hasken rana, tana bin yatsun ɗaya bayan ɗaya.

"Ya kama," ta ce a hankali. Sai kuma ta rangaɗa guɗa. "Asta, ya kama! Ashe hannuna bai mutu ba! Ina ɗayan?"

"Na shafa masa mai. Sai mun dawo."

"To Allah ya kiyaye hanya. In kin shiga jirgin ki riƙe ƙarfe da kyau, ke da ko madatsar ruwa ta Zobe kika gani sai kin yi salati."

Bayan ta fita, Naja'atu ta jawo kwano. Asta ta miƙe ta gyara ɗaurin zane.

"Zubar da ruwan nan."

"Inna!"

"Na ba ku ɗaya. Wannan na Laraba ne."

"In na'ura ta ƙi fa? Yaya Abdulhakim fa? Shekara biyu, Inna!"

Asta ta daɗe tana kallon tafin hannunta. "Ki ɗauko takardun," ta ce. "Rana na yi."

A mota Naja'atu sai duba takardu take yi tana mayarwa: tsohon fasfo, takardar lambar ɗan ƙasa, shaidar ƙaramar hukuma, takardar ranar ganawa. Asta kuwa kafin a yi nisa ta raba wainar Laraba ga rabin motar, kowa ya san inda za ta. Wani dattijo mai buhun gyaɗa ya tambaya ko a jirgin akwai wurin ɗaure akuya. Direba ya ce shi abin da ya ɗaure masa kai, mutum ya biya kuɗi ya hau mota, ta zaga da shi kwana goma, ta sauke shi a tashar da ya hau.

"In ni na yi haka, duka zan sha," in ji shi.

Asta ta yi dariya tare da kowa. Amma a ƙarƙashin mayafi yatsun dama suna mata zugi, kuma duk lokacin da ta kalli na hagu sai ta tuna da na'ura.

A ofishin fasfo na Katsina, an kira lambarta bayan azahar. Ma'aikaciyar da ke kan na'urar mace ce mai fara'a, an rubuta Mahfuza a ƙirjin kakinta. Ta gaishe ta, ta gyara mata hijabi don fuska ta fito, ta ce kada ta yi murmushi. Asta ta haɗe rai kamar an taka mata shanya. Aka ɗauka.

"Saura yatsu, Mama. Hannun dama tukuna."

Naja'atu ta saki ajiyar zuciya. Asta ta ɗora yatsu huɗu a kan gilashin. Fitila ta yi ja. Ta sake. Ja. Mahfuza ta goge gilashin, ta danna mata yatsun da kanta. Ja.

Ta juya hannun ta duba. "Mama, me kika yi wa yatsun nan? Sun yi sumul kamar bayan cokali. Babu zanen da za ta karanta."

Asta ta juya ta kalli 'yarta. Naja'atu ta kalli silin.

"Mun ɗan goge lalle ne," in ji Naja'atu da ƙaramar murya. "Da dutse."

"Da dutse!" Mahfuza ta dafe baki don kada dariya ta fito. "To mu ga ɗayan."

Asta ta fito da hannun hagu, ja wur, ta yi bisimilla ta ɗora. Ba a yi daƙiƙa biyu ba fitila ta yi kore. Babban yatsa ma kore.

"Kin gani? Wannan ganye ne zalla, kuma an wanke shi tas, bai toshe komai ba. Baƙin lallen nan na kanti mai kauri shi ya fi ba mu wahala. Wa ya yi miki? Rabon da in ga kamu irin wannan tun kakata."

"Ƙawata ce," in ji Asta, ta ɗan gyara zama.

"Amma biyar ba su isa ba, Mama. Sai mun samu ko biyu daga dama, sauran in rubuta suna da rauni. In ba haka ba, sai kin je zanen ya dawo."

Mahfuza ta ce ta shafa yatsun a goshinta, inda gumi yake. Aka gwada. Ja. Ta ce ta hura musu iska, ta jira. Sannan ta kama ɗan ƙaramin yatsan, wanda dutse bai ci sosai ba, ta kwantar da shi a gefe. Kore. Saura ɗaya. Manuni ya ƙi, na tsakiya ya ƙi. Ta kama babban yatsa ta mirgina shi sannu a hankali, daga wannan gefe zuwa wancan, tana cewa, "Haba ɗan albarka, haba." Naja'atu ta rufe ido tana motsa baki.

Kore.

"Alhamdu lillahi!" Su ukun suka faɗa tare, har na layin baya suka leƙo.

Mahfuza tana buga takardar karɓa ta tambaya, "Wa za ki je gani a teku haka, Mama?"

Asta ta kawar da kai gefe. "Wani ne dai. Mai dafa abinci."

"Ɗan fari ke nan," in ji Mahfuza, ta miƙa mata takardar da hannu biyu.

Rana ta yi sanyi lokacin da suka sauka a Batsari. Laraba na zaune a ƙofar gida kan tabarma, tana jera daddawa a faifai. Naja'atu ta raɗa wa mahaifiyarta cewa ta bar hannun cikin mayafi, ba sai an faɗa ba. Asta ta wuce ta kamar ba ta ji ba, ta zauna a gefen tabarmar, ta ɗora hannuwan biyu a cinyar ƙawarta.

Laraba ta ɗaga na hagu, ta ɗaga na dama. Ta kai shi kusa da ido, ta shafa kan yatsun da suka yi sumul.

"Wannan naki ne, shi ya ci jarrabawa tashi ɗaya," in ji Asta. "Har ma'aikaciyar ta tambayi wa ya yi. Wannan kuwa shawarar 'yan boko ya bi, saura kaɗan ya hana ni ganin mutumin ruwa."

"Iya Laraba, laifina ne," in ji Naja'atu, tana durƙushe.

Laraba ba ta saki hannun ba. Kafaɗunta suka fara rawa, sai dariya ta ƙwace mata har da hawaye.

"Malama, shiga bayan ɗakina ki tsinko mini ganye," ta ce. "In yatsun sun huce zan mayar. Ba za ta shiga jirgin mutane da hannu ɗaya ba."