Kwalbatin da Sha'aibu Ya Matsar

Ƙasarmu rairayi ce, mota na shigowa take kafewa. Da ƙungiyar ƙauyenmu ta tashi gyara hanyar da ke fita Gagarawa, ba wanda ya yi zancen kwalta, ina muka ga halinta? Marmara za a zuba, wato jar tsakuwa, a daddaɓe, a bar tsakiya da tudu don ruwa ya gangare gefe. Ƙaramar hukuma ta ba da tifa da kwalbati ɗaya tal, sauran kuma aikin gayya.

Sha'aibu ne shugaban aikin. Kowa ya san inda kwalbatin ya kamata ya zauna, wato kwarin da ruwa ke tsallake hanya duk damina. Sai dai bakinsa zai fuskanci gonar Malam Ubale, mahaifin A'i matar Sha'aibu. Shi kuwa ko sunan surukinsa ba ya iya faɗa, tun daga nesa yake tuɓe takalmi. Shi zai sakar wa gonar Baba ruwa? Ina! Zuwa ya tambaye shi ma ya fi ƙarfinsa.

Sai ya sa aka matsar da kwalbatin gaba, saitin tasa gonar, a kan ɗan tudu. Mun gani, mun yi shiru. Wasu har yaba masa suka yi, wai yaro mai kara.

Hanya ta fito jawur, 'yan acaɓa na ta sheƙa gudu. Ana nan ruwan Agusta ya sauko. Ruwa kuwa bai san suruki ba. Ya taru a kwarin, ya rasa mafita, ya ɓalle hanyar, ya kwashi marmarar ya shimfiɗe a gonar Malam Ubale. Gero ya binnu kaf. Kwalbatin na can a bushe, awaki na shan inuwa a ciki.

Sha'aibu ya je ya durƙusa gaban surukinsa a bakin gonar, kunya kamar ta kashe shi.

"Baba, ku gafarce ni. Gudun kada ruwa ya shigo muku na matsar da shi."

Tsohon ya dubi jar tsakuwar, ya ce masa:

"Malam, tun da na ji zancen kwalbatin nan na nemo irin shinkafa, yana nan a ɗaki. Da na ga ka kai shi wajenka, na ɗauka ruwan kake so. Sai na ji nauyin yi maka magana."