Tukunyar Hidaya

Shekara arba'in da ɗaya Bakri ya yi yana zuba wa Hidaya kwal. Jirgin ruwa ce mai tafiya da tururi, wadda a da take jigilar fasinja da wasiƙu tsakanin Wadi Halfa da Aswan. Mahaifinsa, mutumin Haɗeja da hanyar Makka ta ajiye a Sudan, shi ya fara riƙe sheburinta. Da ta tsufa aka gangaro da ita Alƙahira tana yawo da 'yan buɗe ido, Bakri ya biyo ta. To, yau tafiya ta ƙare. An ɗaure ta a gaɓar unguwar Zamalek, za a mai da ita gidan abinci.

Wuta na nan da sauranta a murhu lokacin da Munzir, sabon manaja, ya sauko ɗakin injin da tiyo a hannu, yana sharce gumi da hannun kwat. Ammu yake ce wa Bakri, wato baffa.

"Ammu Bakri, yalla, yi sauri. Baƙi za su iso da la'asar, falon sama kamar gidan burodi. A watsa wa wutar nan ruwa, khalas, shi ke nan."

Bakri ya kifa bokiti a bakin murhun ya zauna a kai.

"Ustaz, ka taɓa zuba wa kofin shayi mai zafi ruwan firij?"

"Tsagewa yake yi. Sai me?"

"Haka tukunyar tururin nan take. In ta tsage ba mai ɗinke ta, mutanen da suka ƙera ta duk sun mutu. Wutar jirgi ba a kashe ta, barinta ake yi ta kwanta."

Munzir ya yi dariya. "Wa zai sake hura ta, ya Ammu? Jirgin nan ta yi ritaya. Kai ma ka yi."

"Ni dai na yi. Ita ban sani ba."

"Zan kira masu gadi fa."

"Kira su. Ka ce su zo da tawul, don sai sun jiƙa ni kafin ruwan ya kai gare ta."

Munzir ya dube shi, ya dubi tiyon. Tsohon bai ɗaga murya ba, bai kuma motsa ba. Hannayensa na kan gwiwa, duk tabon ƙuna.

"To baƙina fa? In dafa su?"

"Kai su rufin sama, iskar Nilu na nan. In rana ta kusa faɗuwa zan ba su abin da ba su taɓa ji ba."

Munzir ya yi ta ƙunƙuni, amma dai ya hau da tiyonsa. Can Bakri ya ji ana jan tebura a sama.

Shi kuwa ya shiga aikinsa yadda aka koya masa. Ya rufe ƙofar iska, ya baje garwashin da dogon ƙarfe, ya riƙa janye toka kaɗan-kaɗan. Allurar ma'aunin tururi tana sauka a hankali. Nan ya yi la'asar, a kan buhu. Da rana ta yi ja, allurar ta kusa kwanciya, ya miƙe ya kama igiyar jiniya ya ja. Hidaya ta saki muryarta, doguwa, mai kauri, har motocin kan gada suka amsa da hon. Ya riƙe igiyar har sautin ya zama huci.

Da hantsi washegari ya dawo. Ya shafa tukunyar tun daga gaba har baya, yana ƙwanƙwasawa da guduma yana saurare. Ta huce, babu tsaga ko ɗaya.

Munzir ya leƙo daga matakala, ya tarar da shi yana jera itace da tsumma a cikin murhun, kwal a bisa.

"Ammu, me kuma kake yi?"

"Babana bai taɓa barin murhu wayam ba. Wanda ya zo, ashana kawai zai nema."

Ya rufe ƙofar murhun, ya rataye sheburin a ƙusarsa.