Rediyon Baba Choji

Tayyiba ta iske shi ya zare robar iskar daga hancinsa ya cusa ta ƙarƙashin matashi, yana riƙe da waya da hannu biyu. Ta dire kwanon kunun a kan tebur da ƙarfi don ya san ta gani. Baba Choji ya ɗaga mata yatsa, wai ta yi shiru.

"Lafiyata ƙalau, Constance," ya ce, da wata murya mai kauri wadda Tayyiba ta yi wata biyu ba ta ji ba. "Ke dai ki kula da mutanenki. An ce iska za ta juyo wajen gari da rana, na ji a rediyo. Kada ku tsaya ɓata lokaci."

Yana kashe wayar tari ya sarƙe shi. Tayyiba ta lalubo robar ta mayar masa, ta tallafi bayansa har numfashin ya daidaita. Ba ta yi masa faɗa ba. Faɗan ya ƙare tun makon jiya.

Shekara huɗu ke nan suna zaune ƙofa na kallon ƙofa a hawa na biyu na wani bene a Greenbelt, kusa da Washington a Amurka. Shi mutumin Bukuru ne, ya yi aikin ɗakin gwaje-gwaje a College Park har ya yi ritaya, matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya tilo, Constance, nas ce a Yellowknife, can ƙuryar arewacin Kanada. Tun da ta koma can ya daina sauraren labaran kowa sai na Kanada. Kullum ƙarfe bakwai na safe muryar rediyon za ta ratso bango ta shigo kicin ɗin Tayyiba. Ya san tsadar haya a Toronto, ya san wanda ya yi wa wani ihu a majalisar Ottawa. Hatta juyin mulkin Nijar, daga bakin mutanen Kanada ya fara ji, ya ƙwanƙwasa musu ƙofa ya shaida wa mijinta Zulkifilu kafin ya fita aiki garin Sterling. Zulkifilu kan tsokane shi da cewa saura a ba shi kujerar minista, shi kuma ya ce ai ba za su iya biyansa ba.

A watan Yuni ne ta gane ba shi da lafiya. Ranar da hayaƙin gobarar dajin Kanada ya rufe Washington, rana ta koma ja kamar garwashi, Tayyiba ta jiƙa tawul ta toshe ƙasan ƙofa, ta hana 'yarta Sadiyya zuwa makaranta saboda asma. Ta leƙa ta duba tsohon, sai ta same shi tsaye a taga, ya buɗe ta wangwam, yana shaƙa yana tari. Ya ce iskar ƙasar 'yarsa ce ta zo gaishe shi. Ta ce masa wannan wutar a Quebec take, tsakaninta da Constance ya fi Kano zuwa Legas sau biyu, ta ja tagar ta rufe. A ranar ya nuna mata takardar likita, ya kuma sa ta yi alkawari ba za ta gaya wa Constance ba.

Yanzu ga Agusta, wutar kuma ta isa ƙofar Constance da gaske. Tun ranar Laraba aka ba mutanen Yellowknife umarnin barin gari kafin azahar ɗin Juma'a, mutum wajen dubu ashirin, hanyar mota ɗaya tak. Constance ba ta bi ayarin ba. Tana cikin waɗanda suka tsaya da marasa lafiyar da ba sa iya tashi, suna jiran jirgin da zai kwashe su. Yau ce Juma'ar.

Nas ɗin da ke zuwa duba Baba a gida ta zo da hantsi. Da za ta tafi ta ja Tayyiba bakin matakala, ta tambaye ta ko akwai wani nasa da ya kamata a kira. Ta ce ba ta jin zai kai Litinin.

Tayyiba ta koma ciki. Ya rage sautin rediyon, idonsa a kanta.

"Me ta ce miki, Maman Sadiyya?"

"Ta ce a kira Constance, Baba."

"Ba yau ba." Ya numfasa. "Tsofaffi goma sha ɗaya ne a hannunta. Idan kika gaya mata, ko ta bar su, ko ta tsaya da su hankalinta yana nan. Duka biyun ba na so. Ni mutum ɗaya ne."

Tayyiba ta ce shi ne ɗayan da Constance take da shi. Ya juya fuska wajen bango ya ce alkawari dai ta yi.

Tana cikin kicin ɗinta tana yanka wa Sadiyya tuffa saƙon ya shigo. Constance ce, daga filin jirgi. "'Yar'uwa, muryar Baba ta yi ƙarfi da yawa. Haka yake yi idan yana ɓoye abu. Yaya jikinsa?"

Tayyiba ta rubuta "da sauƙi". Yatsanta ya tsaya a kan wayar. Wannan kalmar aka yi mako guda ana faɗa mata daga Kano shekara biyar da suka wuce, tana da cikin Sadiyya, yayyenta suna gudun kada hankalinta ya tashi. Da sauƙi, da sauƙi, har ranar da ta ji hayaniyar masu gaisuwa a bayan muryar yayarta, ta gane an riga an kai mahaifinta. Ta san don ƙauna suka yi. Har yau ba ta iya cin abinci a kan teburin da ta amsa wayar nan.

Sadiyya ta ja mata zane tana tambaya da Turanci ko Kaka Choji zai sha tuffa. Tayyiba ta dubi kan yarinyar, kitson ya fara tsufa. Ta goge abin da ta rubuta. Ta tsaya ta yi tunani kamar yadda take yi idan za ta auna wa yarinyar magani, kada ya yi yawa, kada ya gaza.

"Ki kai marasa lafiyarki ki sauke su lafiya," ta rubuta. "Daga nan ki hau jirgi na farko zuwa nan. Kada ki tsaya ko wanka. Ina tare da shi, ba zan matsa ba."

Amsar ta zo kalma biyu. "Na gane."

Ba ta ɓoye masa ba. Ta shiga ta zauna a gefen gadon ta karanta masa saƙon daga farko har ƙarshe. Injin iskar yana ta huci a kusurwa.

"Kin karya alkawari."

"Na karya, Baba."

"Taurin kai irin na Kanawa." Ya rufe ido. Can ya buɗe. "To, ki ce wa Zulkifilu ya zo da rezarsa. Ba za ta same ni da wannan gemun ba."

Da la'asar rediyon ya ce jirgin marasa lafiya ya tashi. Baba ya sa ta ƙara sauti, ya sa ta maimaita masa da Hausa, ko da yake ya ji sarai. Da aka ce jirgin ya sauka a birnin Vancouver, Baba ya karɓi maganin ciwon da ya yi kwana biyu yana ƙi don kada barci ya ɗauke shi a lokacin labarai.

Zulkifilu ne ya ɗauko Constance daga filin jirgin Dulles ranar Asabar da yamma. Ta hau matakalar da gudu, ba jaka, sai wata koriyar riga mai kauri da ta kwana uku a jikinta. Tana wucewa Tayyiba ta ji warin, hayaƙin itace mai ɗaci, ya kama rigar har zare. Hannunta ya kai ga kafaɗar Sadiyya ta mayar da ita bayanta, ta buɗe baki za ta ce a cire rigar a bar ta a waje saboda ƙirjin tsohon. Sai ta ga ya miƙo hannu ya kama gefen rigar, ya jawo ta zuwa fuskarsa.

"Wannan kam na garinku ne," ya ce. Ya kalli Tayyiba ta saman kafaɗar 'yarsa. "Ko shi ma na Quebec ne?"

Tayyiba ta girgiza kai, ta ja musu ƙofa.

Ya cika ranar Lahadi da hantsi, bayan faston cocinsu ya zo ya yi addu'a ya tafi. Constance ta ce sai da ya tambaye ta sunayen tsofaffin nan goma sha ɗaya, ta faɗa masa ɗaya bayan ɗaya, bai kai ga jin na ƙarshen ba. Tayyiba ta dafa shinkafa babbar tukunya don masu zuwa gaisuwa, ta kwashe kujerun gidanta ta kai can, ta tsaya a bakin ƙofa tana nuna wa mutane inda za su ajiye takalma.

Ranar Litinin da safe ta zaunar da Sadiyya tsakanin ƙafafunta tana tsefe mata kai. Ƙarfe bakwai ta yi, bangon kicin shiru. Ta ci gaba da tsifa. Can sai ta ji motsi a ɗaya gefen bangon, inda Constance ta kwana, kamar ana laluben wani abu, sannan muryar rediyon nan ta ratso a hankali, tana cewa an ɗan samu yayyafi a Yellowknife, wutar ba ta shiga gari ba. Tayyiba ta tsayar da matajin a cikin gashin yarinyar har aka gama faɗin yanayin gari.