Hoton da Aka Ɗauka a Kiyawa

Ranar da matata Juwairiyya ta rasu ina bakin teku a Legas, ina ɗaukar hoton masunta suna jan koma. Ta je ganin gida ne a rugarsu kusa da Kiyawa, zazzaɓi ya kama ta. Ta cika da hantsi, aka binne ta kafin la'asar. Na iso washegari, na tarar da tudun ƙasa da mutane masu ce mini in yi haƙuri, kamar akwai wani abin da zan yi ban da shi.

Ban koma Legas ba. Na sa aka aiko mini da littattafaina da kyamarorina, na kama gida a Dutse, garin da na tsere wa tun ina saurayi. Yanzu ina ɗaukar bikin aure da suna da taron ma'aikata. Mutane masu ƙiba suna miƙa wa juna lambar yabo, ni kuma ina ce musu su matso.

Tun aurenmu har gashina ya yi fari ban taɓa samun fuskarta a hoto ba. 'Yar Fulani ce, kunya ta yi mata yawa. Da na ɗaga kyamara sai ta juya. Ina da ƙeyarta, ina da gefen mayafinta, ina da hannunta yana dama fura. Nakan ce mata, "Juyo mana, sarauniyar kunya." Sai ta ce, "Ka ajiye wannan abin tukuna." Ni kuwa sai in yi dariya in danna.

Bayan damina ɗaya fuskar ta fara ɓace mini. Na karanta abin da masana suka rubuta a kan mantuwa, kuma ba su san komai ba. Hancin ne ya fara tafiya, sannan bakin. Idan na zauna gyara hotunan biki, kusan kullum sai na ga wata mace a can gefe ta juya baya, da mayafi ruwan toka irin nata. Sai in ƙara girman wurin har hoton ya dagargaje. Ba ta taɓa juyowa ba.

Ƙanwarta Khaulat ce ta same ni a haka, ranar da ta kawo mini nono daga ruga.

"Mijin Adda, ka rame kamar saniyar rani. Me kake nema a ƙeyar matar mutane?"

Na gaya mata. Ta ajiye ƙwaryar, wasan ya bar fuskarta.

"Ai akwai hotonta. Kafin ta kwanta ciwo ta ja ni gidan hoto a Kiyawa. Ta ce tsufa ya zo, gara ka samu guda ɗaya ka ƙyale ta ta huta. Yana wurin Inna."

A ranar na hau babur, muka nufi ruga ni da ita.

Inna Iyatu, surukata, ba ta taɓa haɗa ido da ni ba. Na durƙusa a wajen zana, ita tana ciki, muka gaisa har gaisuwar ta ƙare. Juwairiyya 'yar farinta ce, don haka ba ta faɗin sunanta, a raye ko a mace.

"Inna, an ce akwai hoto."

"An yi."

"Ina roƙon a ba ni."

Na ji tana gyara itace a murhu.

"Na sa shi a wuta ranar sadakar uku. Yarinyar nan ta gama rayuwarta a rufe. Sai bayan ta tafi a rataye ta a bango, kowane baƙo yana kallo?"

Ban yi ihu ba. Ba a yi wa suruka ihu, ko da ta ƙone maka duniya. Na dai tambaye ta abin da ya rage.

"To Inna, yaya ta fito a ciki?"

"Ban duba ba, ɗan nan. Ina ni ina ƙare mata kallo?"

Muryarta ta karye a kan kalmar ƙarshe, ta rufe da tari. Na zo da niyyar tsanar tsohuwar nan, sai ga shi ciwonmu ɗaya. Hakan ma ya ba ni haushi.

Na biya ta gidan hoton. Mai wurin ya ce yakan goge na tsofaffin kwastomomi idan na'ura ta cika. Ya tambaya ko ina son fasfo, tun da na riga na zo.

Khaulat, wadda ta nuna mini wurin, ta rako ni bakin hanya.

"Ni na gani," ta ce. "Dariya take yi, har wushiryarta ta fito."

Na tsaya. Wushirya. Na manta tana da ita.

"Me ya ba ta dariya?"

"Mai hoton ne ya ce ta kalli kyamara kamar tana kallon maigida. Ta ce ai shi maigidan ba ta taɓa ganin idonsa biyu a lokaci guda ba, kullum ɗaya a rufe, ɗaya a bayan gilashi."

Khaulat ta yi dariya, sannan ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya.

Yanzu ina da wushirya, ba fuskar da zan sa ta a ciki. Da yamma nakan hau duwatsun bayan gari, inda babu teku, babu mai neman hoto. Kyamarar tana gida. Wani lokaci nakan ji kamar matata tana tsaye kusa da ni, ta ba ni baya, tana jira. Na san abin da take jira in ce.

Juyo, Juwairiyya. Na ajiye abin.